Motar Gwangwani Mai Fitila

Wata huɗu na yi a kwance a shekarar da na karye. Ina dawowa ne a kan babur daga Ajingi, inda nake koyarwa a firamare, akuya ta gifta, na kauce mata, babur ya kwashe ni ya maka a gefen titi. Cinyar dama ta karye. Mai ɗori ya zo har gidanmu a Gaya ya ɗaure ta, ya ce kada ƙafar nan ta taka ƙasa sai ya ba da izini.

Satin farko takalma har cika ƙofar ɗakina suke yi. Malaman makarantarmu sun zo, 'yan majalisarmu sun zo. Da damina ta kankama kowa ya nufi gona, sai ya rage daga ni sai Inna, mahaifiyata, wadda yanar ido ta riga ta cinye mata rabin gani. Ban ga laifin kowa ba. Ni ma na sha zuwa dubiya sau ɗaya in ɗauka na sauke nauyi.

Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da bidiyon wani mutum yana haɗa 'yar mota a cikin akwati. Ya danna makunni, fitilunta suka kama. Ban ji yarensa ba, hannuwansa kawai nake kallo. Na maimaita har caji ya ƙare.

Washegari na roƙi Inna ta tattaro min gwangwanayen madara da matattun tocilan da ke cikin kwando.

"Me za ka yi da wannan tarkace?"

"Mota zan ƙera, Inna."

Ta ce, "To, Allah Ya ƙara sauƙi." Na san ta ɗauka zaman ɗaki ne ya fara taɓa ni.

Motar haya na zaɓa, irin wadda ke lodi daga Ajingi zuwa Kano ranar kasuwa. Na yanka gwangwani da tsohon almakashi na lanƙwasa jikin motar, na yi tayoyi da tsinkakken silifas, gilashi kuma da robar ruwa. Ba ni da ƙarfen liƙa waya, don haka Inna kan kawo min garwashi a kasko in gasa ƙusa in narka dalma da ita. Yatsuna duk suka yi tabo. Ƙwayayen fitila uku na farko ina jona su da batirin tsohuwar waya suka haska sau ɗaya suka mutu. Kwana biyu na juya wa kayan baya ina kallon bango. Daga baya na gane cewa a cikin kowace tocila akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane, shi ke rage ƙarfin wuta, ni kuwa zubar da shi nake yi.

Sati bakwai aikin ya ci. Na sa fitilu farare biyu a gaba, jajaye biyu a baya, ɗaya a ciki saboda fasinjoji. Na shafe cikin wani kwali da baƙin fenti na zana titi, na ɗora buhunan gyaɗa na tsumma a saman motar. Ranar da na gama, bayan azahar, na miƙa sanda na tura taga ta rufu, na danna makunni. Duka biyar suka kama. Na juya in ce wa wani ya duba, babu kowa.

Na ƙwala wa Inna kira. Ta shigo tana laluben bango, ta durƙusa har hancinta ya kusa taɓa kwalin.

"Na ga wani abu ja-ja," in ji ta. "Ita ce motar?"

"Bayanta ke nan, Inna."

"Ta yi kyau." Ta shafa rufin da yatsa, ta tashi don tukunyarta na kan wuta.

Da mai ɗori ya yarda in fara takawa, fitata ta farko majalisa na nufa, gindin darbejiyar bakin titi. Sanda a hannun dama, kwalin a hammata. Aka yi min barka da arziki, aka matsa min a benci. Na bari gaisuwa ta lafa, sannan na buɗe na danna.

Rana ce tsaka. Ban taɓa tunanin haka ba. Hasken da ya cika min ɗaki, a nan ko alamarsa babu.

"Malam, ai ba ta kama ba," in ji wani tela da muka yi firamare tare.

"Ta kama. Matso ka gani."

Na kare da tafin hannuna, ya leƙa da ido ɗaya. "Af, haka ne fa. Sannu da ƙoƙari." Wani ya tambaya ko tana tafiya, na ce a'a, ta ado ce. Ya ce, "Au." Daga nan hira ta koma kan taki da tsutsar da ta shiga gero. Na zauna da kwalin a cinya har aka kira la'asar, na kashe makunni, na lallaɓo gida.

Na koma aiki farkon zangon karatu. Motar tana kan kabad, na lulluɓe ta da tsohon rawani saboda ƙura. Bayan ita na ƙera a-daidaita-sahu, yanzu kuma ina kan tirela, wadda fitilunta goma sha biyu ne, ban kuma san inda zan samo masu ruwan ɗorawa ba.