Yadda Ermek Ya Tafi Bakin Tabki

Duk wanda ya san Burul a Tokmok, da goyo ya santa. Ɗanta Ermek ya kai shekara goma sha uku goyon bai ƙare ba, domin ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba, gidan kuma a hawa na biyar yake, sai dai matakala. Mijinta Kubat yana can Mosko wajen aikin gini, muryarsa kawai ke zuwa ta waya. Ita ce ga yaro, ita ce ga surukarta, tsohuwa Shayir, wadda har yau ba ta kiranta da suna sai "kelin", wato matar ɗa, kamar jiya aka kawo ta amarya.

Ermek bakinsa ras yake, wayo kuwa har ya yi masa yawa. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ga tabkin Isik-Kol. Wata ƙungiyar iyaye mata takan kai yara irinsa sansanin hutu a bakin tabkin in zafi ya shigo. Burul ta yi hunturu biyu tana ɗinka takalman ulu ana sayarwa a kasuwar gidauniyarsu, har yatsunta suka yi kanta. Bana Zamira, shugabar ƙungiyar, ta ce layi ya zo kan Ermek.

"Amma sai da hoto, ƙanwata," in ji Zamira. "Za mu kafa shi a dandali ranar kasuwa, 'yan talabijin ma za su zo. Kin san mutanenmu, ba sa buɗe jaka sai sun ga fuska."

A nan gizo ke saƙar. A gidan Shayir, da an ƙwanƙwasa ƙofa ake tura Ermek a keken guragunsa ƙuryar ɗaki, a ƙara wa rediyo murya. Ga shi kuma dangin wani saurayi daga Kemin sun sa ranar zuwa saka wa Akilai, yayar Ermek, 'yan kunnen baiko. Masu neman aure kuwa sai sun tone gida har kaka na bakwai.

Burul ta kawo maganar hoton tana zuba shayi, idonta a ƙasa.

"Hoto? A dandali?" Tsohuwa ta dire kofi. "Kelin, kanki ɗaya kuwa? So kike su gan shi a talabijin su ce abin a jininmu yake? Ke kin samu kin shige, 'yarki kuma ta tsufa a ɗaki ko?"

"Ene," in ji Burul, yadda suke kiran uwar miji, "ba ciwon gado ba ne. Likita ya ce wajen haihuwa ne..."

"To tafi Kemin ki karanta musu likita!"

Burul ta kwashe kofunan. Abin da ya fi ƙona mata rai, tsohuwar ba ƙarya ta yi ba. Akilai na son saurayin nan, tun da aka fara gardamar ma ba ta iya haɗa ido da uwarta. In Burul ta ba da hoto ta cuci 'ya, in ta hana ta cuci ɗa. Gaba kura, baya siyaki. Ta kira Kubat, ya ce a yi yadda tsohuwa ta ce, layin wayar ma ba kyau.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce babu hoton Ermek. Aka ba wata yarinya gurbinsa.

Ana nan, wata safiya Shayir ta dawo daga unguwa da fara'a, abin da aka daɗe ba a gani ba. Ashe ta sa an sayar da tumakinta biyu da ke kiwo a ƙauye, ta taka da ƙafarta wajen Zamira ta biya wa jikanta gurbi, ba hoto ba talabijin.

"Haɗa masa kaya. Ran Alhamis motarsu za ta tashi."

"Alhamis? Ene, ai ran Asabar baƙin za su..."

"Na sani," in ji tsohuwa. "Ni na zaɓi makon."

Burul ta so ta ce a'a, kalmar ta zo har bakinta. Sai ta jiyo Ermek a ɗaki yana ihun murna, yana tambaya wai da gaske ruwan tabkin da gishiri? Ta je ta sauko da jaka. Ba ta taɓa jin kunya da murna sun haɗe mata wuri ɗaya irin na ranar ba.

Ran Alhamis ta zaunar da shi kusa da taga a mota, ta gyara masa hula, tana ta surutun kada ya daɗe a rana, duk don kada su haɗa ido. Ya kama hannun rigarta.

"Apa," ya kira uwarsa, "ki ce wa Akilai ta kwantar da hankalinta. Keken ma ga shi na tafi da shi, ba abin da za su gani."

Burul ta sake gyara masa hular.

"Apa," ya sassauta murya yana murmushi, "baɗi wa za a aurar a gidanmu? Ina so in sake zuwa."