Ra'ayin Maharazu a Kan Littafin 'Yarsa

Duk wanda ya yi noman rani a gefen Bunkure wajen shekarar 2004 ya san Maharazu. Wani ɗan gajere ne mai gonar albasa a bakin kanal, kuma ba ka raba aljihunsa da littafi. Ranar kasuwa yakan karɓo hayar littattafan labari, ya riƙa karantawa yana jiran ruwa ya zo kan gonarsa. In ya ce littafi ya yi, har rububinsa ake a unguwa. In kuwa ya taɓe baki, shi ke nan, ba mai sake ɗauka.

To, 'yarsa ta fari, Surayya, ta gado shi. Tana ajin ƙarshe na sakandare ta cika littattafan rubutu huɗu da wani labari nata: wasu 'yan mata uku sun tsinci injin ban-ruwa mai tashi sama, ya kai su wata duniya mai rana biyu, inda aljanu suka kulle ruwan mutane a cikin tulunan ƙarfe. Saura babi ɗaya ta gama, sai ta ce ba za ta ƙarasa ba sai ta ji abin da Baba zai ce.

Kun dai san kunyar ɗan fari a wurinmu. Maharazu bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa, balle ya yabe ta a gaban mutane. Saboda haka ta ba ƙanwarsa, Gwaggo Uwa, ta kai masa.

Sau uku ya karanta. A na biyun ma ya shagala har ruwa ya cika masa fangalin albasa ya malala gonar Isiyaku maƙwabcinsa.

Wata hantsi Gwaggo Uwa ta tare shi a tsakar gida. Ga mata cike ana turara shinkafa, Surayya na bakin murhu ta kasa kunne.

"To, malamin littattafai, me ka gani? 'Yar taka ta iya, ko?"

Ya ga duk idanu a kansa. Ya ajiye littattafan a kan turmi.

"Shirme ne. Injin da sai mu biyu muke ɗagawa, shi ne zai tashi sama? Ku ce wa yarinyar nan ta kama karatunta."

"Kai Yaya, ji tsoron Allah! Shirmen ne ya sa ka yi wa Isiyaku ban-ruwa kyauta?"

Mata suka kwashe da dariya. Su duk sun gane kunya ce ta hana shi, shi ma a zatonsa Surayya ta gane. Ita kuwa tun tana ƙarama abu ɗaya ta sani: Baba ba ya ƙarya a kan littafi. Kafin azahar littattafan huɗu sun shige ƙarƙashin tukunyar shinkafa.

Ba ta ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Ta gama makaranta, ta yi aure a Madobi.

Sai a 2009, da ya je duba ta, ya yi ta maza. Suna zaune a zaure su biyu.

"Surayya," ya ce. Ta ɗago a firgice, don ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. "'Yan matan nan, sun buɗe tulunan kuwa?"

"Waɗanne 'yan mata, Baba?"

Ya shiga ba ta labarinta, babi bayan babi, har da sunan aljanin da ke gadin ƙofa. Ta fara da dariya, sannan ta dube shi.

"Ai cewa ka yi shirme ne."

"Ban taɓa karanta wanda ya kai shi ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Wallahi Baba, na manta yadda na so in ƙarasa shi."

Tun daga ranar bai sake faɗin ra'ayinsa a kan littafin kowa ba. Amma a bakin kanal, in ana jiran ruwa, yakan ba manoma labarin injin mai tashi sama. Da ya zo inda 'yan matan suka tsaya a gaban tulunan sai ya miƙe, ya ɗauki fartanyarsa, ya ce bari ya duba albasa.