Inda Ƙafar Baba Ke Kaiwa

Shekarar da kuɗin haya ya fara cinye mini albashi tun kafin ya shigo hannu, muna zaune a unguwar Morrisania, can cikin Bronx ta birnin New York, a hawa na huɗu. Mu shida ne a gida mai ɗaki biyu: ni da matata, 'ya'yanmu uku, sai mahaifina. Yaran ɗaki guda muka cusa su, 'yan mata biyu da ɗan'uwansu. Baba kuwa falo ne masaukinsa, kan doguwar kujerar nan da ake warewa ta zama gado. Kafin kowa ya tashi ya naɗe shimfiɗarsa ya tura bayan labule, don kada a ce tsoho ya tare wa mutane wuri.

Tela ne a Zariya har idonsa ya gaza da zura zare. Bayan rasuwar mahaifiyata na ɗauko shi, bayan an sha fama da takardu. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye in akwai wata hanya. Ko muna zaune gwiwa da gwiwa, matata zai kalla ya ce, "'Yata, ki gaya wa mutumin nan famfon banɗaki yana ɗiga." Ita kuma ta juyo ta gaya mini, kamar ban ji ba. Yaran da aka haifa a nan abin dariya yake ba su. Ni a haka na tashi, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba.

Na yi zaton New York za ta haɗiye shi. Ashe shi ne zai fi ni sanin unguwa. Akwai masallaci a layi na biyu daga gidanmu, tsohon shago ne aka shimfiɗa wa darduma. Sau biyar a rana Baba zai sa hula, ya ɗauki carbi, ya sauka. Ko dusar ƙanƙara ake zubawa sai ya ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kan kaftani ya fita, yana tafe yana mita. A can ya samu mutanensa: 'yan Nijar masu tebur, waɗanda ke sayar da hula da tabarau da turare a bakin titi, da wasu dattawan Zangon Kumasi da yake tsokana wai Hausarsu ta sha ruwan teku. Bayan la'asar sukan zauna a ƙofar wani shagon kayan miya su dafa shayi. Duk wanda wandonsa ya yi tsawo ko aljihunsa ya yage, Baba ne alƙali, ya duba ya ce a kai wa wane, kuma kada a biya fiye da kaza. Ni da na riga shi zuwa ƙasar da shekaru, in na bi ta layin ba a san ni da komai ba sai "ɗan Baba".

To, ana nan sai ƙanen matata ya koma Columbus, a jihar Ohio, ya fara addabarmu da hotuna. Ga tsakar gida da ciyawa, ga garejin mota, ga kicin da mutum uku za su tsaya ba wanda ya taka wani. Kuɗin hayarsa kuwa, da ya faɗa sai da na ce ya maimaita. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti nake aiki, irin aikin da ba ya wuyar samu, kuma ba a daɗe ba wani asibiti a can ya ce in zo.

Muka shiga auna abin, ni da matata, kullum a kicin, tana yanka albasa ina jingine da firji. Albashin can bai kai na nan ba, amma hayar ta yi ƙasa sosai. Sai dai a can dole mota, watakila ma biyu, da inshora da mai, alhali a nan jirgin ƙasa da bas sun ishe mu. A nan mai gida ke biyan ɗumama ɗaki, a can mu za mu biya. Naman halal da garin tuwo da daddawa, a nan saukowa kawai za ka yi, a can sai ka tuƙa. Ta kowace fuska muka juya shi, Ohio ce ke rinjaye. Ga babbar 'yarmu ta fara zama budurwa, a banɗaki take canza kaya saboda ɗan'uwanta. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Abin da muka manta shi ne, tsakanin kicin ɗinmu da falo labule ne kawai.

Wani ƙarshen mako muka bar yaran da Baba, muka je muka gani da idonmu. Gaskiya wurin ya yi. Shiru, tsaf, iska mai daɗi. Matata ta tsaya a kicin ɗin gidan da aka nuna mana tana shafa teburin girki da tafin hannu, na san wurin ya shiga ranta. Da lokacin azahar ya yi na tambayi ƙanenta ina masallaci, ya ce in shigo mota. Muka hau babban titi, muka sauka, muka sake hawa wani. A hanyar dawowa na lura layin gidan ko gefen da mai ƙafa zai bi babu, kuma tun safe ban ga mutum ɗaya yana tafiya a ƙasa ba, sai wata mata da karenta.

A motar komawa New York matata ta ce, "Baban yara, Baba fa?"

Na ce, "Za a san yadda za a yi." Haka nake cewa duk lokacin da ban san yadda za a yi ba.

Ba mu daɗe da dawowa ba gwiwar Baba ta fara ciwo. Ya daina sauka asuba, sannan isha'i, daga baya ya daina gaba ɗaya sai Juma'a. Ya shimfiɗa dardumarsa a lungun falo, kusa da taga. Gidan duk ya gauraye da warin man zafi. Na ce matata ta gaya masa zan kai shi a ɗauki hoton ƙafar, ya ce ta gaya mini tsufa ba ya fita a hoto.

Wata rana na tsaya sayen attaruhu a shagon da suke shan shayi, sai ɗaya daga cikin masu turaren nan, wani dogon Bamaraɗe, ya tare ni.

"Alhaji, mi ya samu tsoho? Kwana da kwanaki ba mu gan shi ba. Wallahi shayin ma ya bar daɗi."

Na ce gwiwa ce.

Ya ce, "To, Allah shi ba shi lahiya. Amma in hawan bene ne, mu zo mu ɗauko shi mana. Muna da ƙarfi."

Na yi dariya na yi godiya, na ɗauki attaruhuna na tafi.

Asirin ya tonu ranar da lif ɗin gidanmu ya lalace, abin da ba baƙo ba ne. Na taso aiki da wuri, ina hawa matakala ina haki, sai na ji takun mutum a sama da ni, da sauri, ba ɗingishi. Na kai kwanar matakalar na ɗaga kai, sai ga Baba da jarkar man gyaɗa a hannu, matata ta saya an ajiye mata a ƙasa. Yana ganina ya dire jarkar, ya dafa gwiwa, ya yamutsa fuska. Na ɗauki jarkar, muka ƙarasa hawa a hankali, shi yana ɗingishi ni ina taya shi da sannu. Babu wanda ya kalli wani.

Da na gaya wa matata, ta ce in bar mata. Washegari bayan la'asar ta kai masa shayi, ta durƙusa gefe, ni kuma na maƙale a kicin bayan labule, inda shi ma ya sha jin tamu.

"Baba, ƙafar nan da gaske tana ciwo?"

Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ce, "'Yata, koyon zama nake yi. Na ji can inda za ku ba a zuwa masallaci da ƙafa. Gara in fara sabawa tun a nan, inda in abin ya ishe ni zan leƙa taga in ga suna wucewa. Ki gaya wa mutumin nan kada ya sa ni cikin lissafinsa. Ni na sha zamana."

Na tsaya riƙe da murfin tukunya, hawaye na zuba, ni da 'ya'ya uku. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Mutum ya rabu da matarsa da garinsa da keken ɗinkinsa, ya zo nan ya tsinci ɗan abin da ya rage masa a layi biyu, shi ne kuma zai ajiye da hannunsa ba tare da an roƙe shi ba.

A ranar na ce wa matata mun fasa. Za mu nemi labule mai kauri mu raba ɗakin yaran, in ƙara aikin ƙarshen mako. Ta goge hannu a zane, ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Na san abin da ta ajiye, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Sai dai na ce wannan maganar ba ta aike ba ce, ni zan gaya wa Baba da bakina. Nan fa aka tsaya. Sai in fito falo, in zauna, in gyara murya, in ƙare da tambayarsa ko hita ta yi masa zafi. Shekara arba'in da ɗoriya ba mu saba ba, ba a rana ɗaya harshe zai sake ba. Na ce bari Juma'a ta zo, a hanyar dawowa daga masallaci ba sai mun kalli juna ba.

Ranar Juma'ar ya fito da babbar rigarsa ta shadda, wadda ya ɗinka wa kansa tun yana da ido. Muka tafi tare, yana gaba ina baya, ɗingishin ma ya manta da shi. Bayan an sallame, lokacin sanarwar suna da ta'aziyya, sai na ga ya ɗaga hannu. Liman ya miƙa masa lasifika.

Ya ce, "Jama'a, salamu alaikum. Ni baƙo na zo cikinku, kuka riƙe ni kamar uba. To, Allah ya yi mana tashi, za mu koma Ohio da iyali. Wanda na ɓata wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa."

Masallacin ya ɗauka da "mun yafe, Baba". Liman ya yi doguwar addu'a. Mutane suka yi layi suna rungumarsa, dattawan Kumasi suna share ido da gefen rawani, mai turaren ya cusa masa kwalba a aljihu. Wasu suka juyo kaina suna cewa Allah ya sa a tashi a sa'a. Me zan ce? In miƙe a gaban jama'a in ce ubana bai san abin da yake faɗa ba? Na riƙa amsa amin, bakina ɗaci.

A hanya, muna jiran danja ta ba mu hannu, na ce, "Baba, ai na fasa tafiyar. Yau nake shirin gaya maka."

Bai juyo ba. Motocin da ke wucewa ya yi wa magana.

"Na sani. Labulen nan ba ya riƙe magana. Yarinya ta girma, ba a haɗa ta ɗaki da namiji saboda tsoho yana son shan shayi. Na riga na yi sallama da mutane, ba zan koma in ce wasa nake ba."

Danja ta ba da hannu, ya tsallaka, na bi shi.

Mun tashi bayan an rufe makarantu. Duk abin da muka auna a kicin ɗin nan ya fito daidai, har da ɗan rara. 'Yan matan suna da ɗakinsu, matata tana da kicin ɗinta, ta shuka yakuwa da alayyahu a bayan gida. Baba ma yana da ɗaki nasa na kansa, da gado na gaske, da taga mai kallon layin da ba kowa. Ranar Juma'a ina kai shi masallaci a mota, in aiki ya bari. Mutanen kirki ne a can, suna gaishe shi da girmamawa, sannan kowa ya nufi motarsa.

Ni kaina ina kewar Bronx, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba. Ina kewar ƙarar jirgin ƙasa, da kiɗan maƙwabtanmu 'yan Dominika da nake zagi, da ƙamshin miyar gidaje daban-daban a matakala. Ina kewar in fito sayen attaruhu a tsayar da ni a tambaye ni tsoho. Shi kuwa bai taɓa cewa yana kewar komai ba.

Sai dai rana a nan tana jinkirin faɗuwa, ta fi ta New York da kusan rabin sa'a. Kullum da yamma, tun gari na da haske, Baba zai shiga ya yi alwala, ya sa hula, ya fito falo ya zauna kan darduma yana fuskantar alƙibla. Ranar da matata ta fara lura, ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, ai da saura, magariba ba ta yi ba."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Can ne ta yi. Yanzu suna daidaita sahu."

Ya ci gaba da zama da alwalarsa, hannuwansa a kan cinya, har ranar nan ta faɗi, sannan ya miƙe ya tayar da iƙama shi kaɗai.