Ranar da Na Saki Sandar Kakata

Warin aidin ne ya tono mini abin da na daɗe da binnewa. Ina kwance a wani tsohon asibiti a bakin kogin Guangzhou, ido ɗaya a naɗe, an cire mini yanar da ta fara hana ni bambance launin yadi a kasuwar Canaan, inda nake sarin kaya a garin. Tafintana, wani dattijo ɗan ƙasar, ya ce Turawan mishan ne suka kafa wurin tun zamanin kakannin kakanninsa. An hana su wa'azi a titi, sai suka buɗe ɗakin maganin ido. Wai har cewa aka riƙa yi suna ƙwaƙule idon yara. Ya yi dariya, ni kuwa na juya fuskata bango.

Mu ma a cikin birnin Kano da tsoronsu muka tashi. An ce mana duk wanda ya tsaya ya ji waƙarsu har ƙarshe, to ya bar hanya ke nan. Kakata ta wajen uba mai kaɗi ce, zarenta siriri, masaƙa har gida suke biyo shi. Da yanar ido ta rufe mata gani, sai ta riƙa zama da mazari a cinya tana shafawa. Ni nake ja mata sanda, tana tsokanata da maigida.

Wata safiya da damina, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, babana ya fita kasuwa. Ta ce, "Maigida, yau dai ka yi mini rana. Kai ni asibitin idon nan na mishan da ke waje. So nake in ga zare kafin in mutu."

Muka isa, muka shiga layi, makafi jere a kan benci. Can wani mutum ya fito da littafi, aka soma waƙa. A raina na ga kakata a wutar lahira, kuma ni na kawo ta. Na saki sandar, na toshe kunnuwa, na zura da gudu har rumfar babana, na faɗa masa.

Ya zo a kan keke, ya same ta saura mutum biyu a kira ta. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya ce, "Inna, tashi mu je. Gara duhun duniya da na lahira." Ta tashi, ta bi shi.

Ba ta ƙara gani ba. Shekaru ta yi tana shafa fuskata don ta san ko na girma. Mazarin ya ɓace a wata sharar ɗaki, ba wanda ya neme shi.

Ranar Juma'a aka kwance mini ido. Na je masallacin Huaisheng, na yi sallata, ban ji imanina ya ragu da ko ƙwayar gero ba. Yau a Kano har malamai na bin wancan layin, ba mai cewa komai. Na zauna a harabar ina ganin komai tar, har zaren da ya zame a bakin hannun rigata, sai kuka ya ƙwace mini. Babana ya rasu, ita ta riga shi, babu wanda zan je in faɗa wa. Har ta bar duniya maigida take ce mini. Da ma sau ɗaya ta zage ni.