Habboba Kulu da Jirgin Jidda

Ku da kuka san kakarmu, Habboba Kulu, kun san jirgin sama bai taɓa wucewa ta kan ƙauyenmu salin-alin ba. Ko tana tsakiyar tsintar auduga a gona, sai ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta raka shi da harara. "Dube shi," in ji ta. "Sai ka ce wanda ya yi sata."

Tana da dalilinta. A goye mahaifiyarta ta kawo ta ƙasar nan daga yamma, tafiyar shekaru a ƙafa, da niyyar Makka. Nan kusa da garin Makwar, kudu da Khartoum, guzuri ya ƙare, aka tsaya noma, har tsohuwar ta rasu ko bakin teku ba ta kai ba. To ran da na ce mata daga Khartoum zuwa Kano jirgi ba ya cin wuni guda, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Wace Kanon?"

"Kano dai, Habboba, ta Najeriya."

"A'a. Wata ce sunka gina kusa, don malalata irinku."

Shekarar da auduga ta yi kyau, 'ya'yanta suka biya mata Umra, aka ce ni zan raka ta. Na gaya mata Jidda ko awa biyu ba ta kai ba. Ta ce ta ji. Ranar tafiya sai ga ta da ƙullin busasshiyar kisra, wato gurasarmu ta dawa, garin kuɓewa, tukunya, har da murhun gawayi. A filin jirgi ma'aikaci ya ce murhu dai ba ya shiga.

"In jirgin naku ya lalace bisa hanya, kai za ka dafa mani?"

"Hajja, in ya lalace a hanya, babu mai neman abinci."

Ta ɗan yi nazari, ta miƙa masa. "Kalas, shi ke nan, yaron ga na da gaskiya. Amma ka aje mani abina, ina dawowa."

Muna tashi ta tuɓe takalmi, ta gyara zama irin na doguwar tafiya, ta kama tasbaha, barci ya ɗauke ta. A Jidda na tashe ta.

"Ina tekun?"

"Mun ƙetare shi kina barci."

"To a koma."

Kowa ya sauka, ita tana zaune daram. Ma'aikaciyar jirgi ta yi lallashi da Larabci, ni na yi da Hausa, duk a banza. Sai da na yi rantsuwa zan samo mata kujerar taga a dawowa sannan ta nemi takalminta.

Na kuwa samo. A wannan karon ko hamma ba ta yi ba. Da ruwa ya bayyana a ƙarƙashinmu, ta jingina goshinta da gilashi, tana kallo har ƙasa ta sake ɓullowa.

"Shi ke nan faɗinsa?"

"Shi ke nan, Habboba."

Ta goge idonta da gefen mayafi. "Inna ta so ta ga ruwan ga. To, na gano mata."

Murhun kuma ba a same shi ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa yaron nan ba.

Allah Ya jiƙan Habboba, Ya haskaka makwancinta, Ya sada ta da Innarta a gidan Aljanna. Amin.