Giwan Ruwana da Baturen Lome

'Yan uwa, yau Bature ya jefar mini da abinci a kogi ina tsaye ina kallo!

Da na tashi daga mahauta, sai na ɗauki ƙugiyata na nufi bakin kogi don in huta da ƙarnin jini. Ban daɗe ba na ji an fizgi zare. Giwan ruwa! Wallahi ya kai cinyata kauri. Da ƙyar na jawo shi tudu.

Sai ga wani Bature baƙo daga Lome da sandar kamunsa mai ƙyalli, tun safe ko tarwaɗa bai kama ba. Tafintansa ya ce, "Malam, Bature na son ya riƙa."

Wa ya isa ya hana? Na miƙa. Ya rungume kifin, tafinta ya ɗauke shi hoto. Kawai sai ya cilla shi cikin ruwa. Tsundum!

Na ce, "Kai! Kifina!"

Tafinta ya ce, "Wai shi don nishaɗi yake kamu, ba don ci ba."

Na ce, "To ni ya tambaye ni?"

Na dawo unguwarmu Didaure ina huci, na tarar labarin kamun ya riga ni gida, har matata mai jego ta sa an daka yajin farfesu. Ta ce, "Maigida, ina kifin?"

Na ce, "Yana cikin hoton Bature!"