Shekarar da Na Ɗaure Dami Dubu

Ban taɓa noma dami dubu ba. Na dai taɓa ɗaure dami dubu, kuma ba abu ɗaya ba ne. Yanzu da waɗanda za su ƙaryata ni duk sun riga ni tafiya, bari in ƙaryata kaina.

A ƙauyenmu, tsakanin Tsafe da Bilbis, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, manomin da ya tara dami dubu na dawa a kaka ɗaya ana yi masa biki, a yanka bijimi, a kira shi sarkin noma. Daga ranar kuma rumbunsa ya zama na jama'a. Duk wanda abinci ya yanke masa, ko ya rasa iri, can zai nufa, kuma ba a sallamarsa hannu wofi. Wannan sashe na biyu ban saurare shi sosai ba, hankalina yana wajen ganga.

Ni da yayana muke gandu ɗaya tun rasuwar Baba. Da Inna, da matanmu, da yara, bakuna goma sha ɗaya ke ci a wannan gona. Yayana ba ya magana sai da dalili, kuma ba kasafai yake samun dalilin ba. Ni kuwa na ɗan taɓa allo, na iya rubuta sunana da ajami, saboda haka na ɗauka duk wayon gidan a kaina aka sauke shi.

Abin ya faro ne a wata gayya a Kucheri, a gonar wani tsoho da ya yi dubu tun ina goye. Makaɗi ya wasa tsohon har muryarsa ta dushe. Da ya iso kaina sai ya dube ni, ya ce, "Ga ƙanen wancan," ya wuce. Fura ma ban iya sha ba ranar. Da aka tashi na durƙusa gaban tsohon, na ce ya ba ni asirin, ko laya ce ko rubutu.

Ya ce, "Ka kira Fulani su zauna da shanu a gonarka rani bakwai a jere, ka ciyar da su. Sannan ka rage zama gindin tsamiya."

Na yi godiya. A hanya na lissafa, na ga kafin rani bakwai makaɗin zai iya mutuwa.

A shekarar Allah ya ba da ruwa, dawa ta yi kyau. Da muka gama girbi na dubi tarin zangarniya, na ga zai kai dami ɗari huɗu irin wanda ƙato ke nishi kafin ya ɗaga. Sai na dubi igiyar da ke hannuna. Wa ya ce ga girman dami? Ba a kitabi yake ba, alƙali bai yanke ba, ko Bature da ya sa wa komai doka bai sa masa ba. Na rantse a lokacin na ji kamar ni na fara gano wuta.

Na kama ɗauri. Yayana ya zo ya tsaya a kaina.

"Wanga dami ne ko tsintsiya?"

"Yaya, dami ai dami ne, in dai an ɗaure shi."

"Kwance."

"Na riga na aika wa makaɗi. Har Mada an ji."

Ya san in ya fita ya ƙaryata ni, gidan Baba za a yi wa dariya, ba ni kaɗai ba. Ya juya ya tafi, ni kuma na ɗauka yarda ce.

Tsohon Kucheri aka kira ya shaida. Ya zo bisa jakinsa, ya sauka, ya sa yatsa biyu ya ɗaga dami ɗaya, ya ɗan kaɗa shi kamar mai korar ƙuda.

"Kai ka ɗaure?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san abin da ke kan mai dubu?"

"Sarai."

Ya bi layi ya ƙirga, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce, "Dubu ne." Ganga ta tashi. A raina har tausayinsa na ji, na ce tsufa ya ci idon bawan Allah.

Kwana uku ana biki. Bijimin da aka yanka na yayana ne, wanda ya yi shekara biyu yana kiwo. Mutane suka zo har daga Bungudu, wasu ban taɓa ganinsu ba amma suka ce tare muka yi wasan ƙasa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Makaɗin ya ce ƙasa tana jin tsoron garmata, na kuwa yarda.

Da rani ya shigo aka fara sallama. Da farko ni da kaina nake hawa rumbu in jefo dami, don a gani. Wata tsohuwa daga Bilbis ta karɓi nata, ta juya shi, ta ce, "Sarkin noma, wanga ko kajina ba su ƙoshi da shi. Ƙaro biyu." Na ƙara. Labari ya bazu cewa a gidanmu uku-uku ake bayarwa.

Kafin bazara rumbu ɗaya ya rage, wanda ke ɗauke da irin shuka da abincin damina. Yayana ya kira ni bayan gida.

"Ranar Juma'a ka tashi a ƙofar masallaci ka faɗi gaskiya. Za su yi dariya wata ɗaya, su daina zuwa. Yara su ci tuwo."

Na ce zan yi. Juma'a biyu suka wuce, kowace sai in ga ba ta dace ba. Ranar da yayana ya tafi kasuwar Tsafe, wasu mutane da gobara ta cinye wa rumbuna suka zo, kuma suka zo da makaɗin. Da su kaɗai ne, wataƙila da na ba da haƙuri. Amma ya fara kaɗawa tun daga bakin rafi. Na hau rumbun, na buɗe.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, mu muna zaune. 'Ya'yan yayana suna cin ganyen tafasa safe da yamma, ƙaramar har ta daina kuka, sai kallo. Inna ba ta zage ni ba, ta dai daina amsa gaisuwata.

Na taka zuwa Kucheri roƙon iri. Na tarar da zauren tsohon cike da mutane.

Tsohon ya hango ni, ya ce, "A'a, sarkin noma! Lafiya? Dami nawa ka ce ka yi bara?"

Na ce a hankali, "Ɗari huɗu."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

Na ɗaga. Suka yi dariya har wani ya ƙware. Tsohon ya sa aka auna mini iri, dawa da gero, bai rage ba. Da zan tafi na tambaye shi me ya sa ya shaida, alhali ya gani.

Ya ce, "Na tambaye ka, ka ce ka sani."

Na iso gida da buhu a ka, ina tsammanin magana ta ƙare. Yayana ya shimfiɗa tabarma, ya raba irin biyu daidai, ya ɗauki rabi. Washegari ya kira dattawa biyu aka raba gandu. Ya dasa gamba a tsakiyar gonar Baba don ta zama iyaka, ni na riƙa ɗauko masa saiwar, don shi kaɗai ne aikin da ya yarda in taya shi.

Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, yana dakon auduga. Na bi shi sau ɗaya neman gafara. Ya ce ya yafe, ya sa aka dama mini fura, ya rako ni har bakin hanya. Na ce ya dawo mu haɗa gona. Ya ce in gaida Inna.